Saiwar Barci da Masu Ba da Ita a Ƙasar Daura

Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Tarabulus, su ratsa Gat da Agadas da Damagaram kafin su gangaro ta ƙasar Daura zuwa Kano, raƙuma kan ɗauko takarda da alharini da turare, a cikin mangalar wani malami kuwa ba a rasa littafin ɗibbu. Ilmin da ke cikin irin waɗannan littattafai tsoho ne ƙwarai, domin Larabawa sun gaje shi daga Yunanawa, kuma a cikinsa ne aka ambaci wata saiwa mai ɗoyi wadda Turawa ke kira baleriyan. Jalinusu, hakimin da ya yi zamani a birnin Rum a ƙarni na 2, ya wasafta ta ga wanda barci ya ƙaurace wa, Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya lissafa ta cikin magungunan littafinsa Alƙanun.

Sai dai ita wannan shuka ta ƙasar sanyi da dausayi ce, a Turai da Asiya take tsirowa, jigawar Daura ba mazauninta ba ne. Abin da ya zauna a hannun malamanmu shi ne ƙa'idar hukama'u, wadda ta ce jikin ɗan Adam a kan ɗabi'u huɗu yake, zafi da sanyi da danshi da bushewa, kuma idan zafi da bushewa suka rinjayi ƙwaƙwalwa sai ido ya ƙeƙashe, don haka a shafa mai a ka, a ci abinci mai danshi, a rage tunani.

Amma Badauri bai cika ɗaukar rashin barci a matsayin ciwon kai kaɗai ba. Yakan ce faɗuwar gaba ce, ko zullumi, ko firgita, ko kuwa dannau ne ya haye shi cikin dare, kuma kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Malami zai ɗauko allo da alƙalami ya rubuta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ya wanke tawadar a cikin ƙoƙo, ya umarci mai lalurar ya sha ya shafa, sa'an nan ya hore shi da alwala da tofi a tafin hannu kafin ya kwanta, kamar yadda ya tabbata a sunna. Magori zai shimfiɗa buhunsa ranar kasuwa, a Daura ko a Mai'aduwa, da sassaƙe da saiwoyi ƙulli-ƙulli, yana wasa kansa da kansa kamar yadda aka san shi. Tsohuwa kuwa, wadda a ganina ta fi su duka sanin majinyacinta, ba ta bukatar kowa: bayan lisha za ta ɗebo garwashi a kasko, ta daddaka kajiji ta barbaɗa, ta tura kaskon ƙarƙashin gado har hayaƙin ya kama shimfiɗa, ta kawo kunu mai ɗumi, ta zauna tana hira da mai firgitar har muryarsa ta yi nauyi. Kajijin nan, wanda ake tono ƙwayoyinsa a fadama, shi ne ya tsaya mana a gurbin saiwar Jalinusu.

Da jihadi ya iso wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, sarakunan Haɓe suka fita har suka kafu a Zango, malamai suka tsananta wa bori da tsafi. Amma ba su haramta itatuwa ba, hasali ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan ɗibbu da hannunsa. Abin da ya girgiza sana'ar daga baya ya zo. A 1911, shekarar da Sarki Abdurrahman ya hau gadon Daura, layin dogo ya isa Kano, hanyar hamada ta mutu, asibiti da ƙwayar Bature suka biyo baya. A 1916 likita Dalziel ya buga ƙamus na sunayen tsirran Hausa, ya taskace abin da masu shi ba su rubuta ba.

Ita kuwa baleriyan, wadda mutanen Ingila suka riƙa sha don kwantar da hankali lokacin ruwan bamabamai na Yaƙin Duniya na Biyu, yau a kwalba da ƙunshin shayi ake sayar da ita, alhali binciken likitoci bai haɗu a kan ƙarfin amfaninta ba. Wanda ya same ta ya duba lambar NAFDAC, kada ya gama ta da ƙwayar barci, mai juna biyu kuma ta nemi shawarar likita tukuna.