Gidan Hardwick na ƙasar Ingila: tsarin gininsa da dalilan wanzuwarsa

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa abubuwa biyu ne suka tsirar da gidan Hardwick, da ke lardin Derbyshire: ƙauracewar masu shi da nauyin harajin gado.

2. Tsarin gini

Attajirar nan Bess ta Hardwick ce ta sa aka gina gidan daga 1590 zuwa 1597. A shekarar da aka fara aikin ne mijinta na huɗu, mai sarautar Shrewsbury, ya rasu ya bar mata dukiya mai yawa. Masana suna danganta zanen ginin ga Robert Smythson.

Gidan hawa uku ne, da hasumiya shida, waɗanda aka ɗora wa haruffan sunanta, E da S, sassaƙe da dutse. Tagogin gilashi sun cinye yawancin bango, a zamanin da gilashi ke da tsada ƙwarai. Kowane hawa ya fi na ƙasansa tsawo, kuma ɗakunan karɓar manyan baƙi suna can sama. Ke nan, hawan matakala shi kansa darasi ne a kan muƙami: barori a ƙasa, uwar gida a tsakiya, manyan baƙi a ƙoli.

3. Wanzuwar gidan

Bayan rasuwar Bess a 1608, zuriyarta, wato dangin Cavendish, suka mai da gidan Chatsworth babban mazauninsu. A can suka zuba kuɗin rushewa da sabuntawa. Hardwick kuwa sai jefi-jefi ake zama cikinsa, don haka ya riƙe siffarsa da saƙe-saƙen bangonsa na ƙarni na 16.

A 1950 shugaban dangin ya rasu, harajin gado ya kai kashi 80 cikin ɗari. Magada suka miƙa gidan ga baitulmalin gwamnati a madadin wani ɓangare na harajin, sannan a 1959 aka danƙa shi ga ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895. Yau yana cikin gine-gine masu daraja ta ɗaya da doka ta hana a taɓa ba da izini ba.

4. Kammalawa

Muna ganin bai kamata mai bincike ya ɗauki tsohon gini a matsayin shaidar kulawar magabata kawai ba. Wajibi ne ya tambayi ina masu shi suka kai kuɗinsu, da kuma wace doka ta raba su da shi.