Asali da Kwafi a Tarihin Hotunan Kyawawan Mata na Ƙasar Japan

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wani nau'in hotuna da ya yi tashe a ƙasar Japan a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868. Japanawa suna kiransa bijin-ga, ma'ana hotunan kyawawan mata, kuma reshe ne na fasahar ukiyo-e. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: idan mai zane ya kwaikwayi irin wannan hoto da fenti, shin mene ne asalin da ya kwaikwaya?

Yadda ake yin hoton

Mutum huɗu ne ke haɗuwa kafin hoto ɗaya ya fito. Mai maɗaba'a shi ne ke zuba jari, ya kuma zaɓi abin da za a zana. Mai zane ya zana shi da tawada a kan takarda maras kauri. Masassaƙi ya kifa takardar a kan allon itacen ceri, ya liƙe ta, sa'an nan ya sassaƙe duk inda babu layi. Daga ƙarshe mai bugu ya shafa launi a allon, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da ake kira baren. Kowane launi da allonsa, hanyar da ta kankama a 1765 a ayyukan Suzuki Harunobu.

Abin lura a nan shi ne, zanen da mai zane ya yi da hannunsa yakan salwanta a ƙarƙashin wuƙar masassaƙi. Abin da ya rage sai ɗaruruwan bugu, waɗanda ake sayarwa a kasuwa a kan kuɗin da bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya ba. Masu hannu da shuni kuwa sukan sa a zana musu da hannu a kan alharini, kamar hoton matar da ke waiwaye na Hishikawa Moronobu, wanda ya rasu a 1694.

Matan da ke cikin hotunan

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu a 1806. Wajen 1793 maɗaba'ar Tsutaya Juzaburo ta fitar da hotonsa na kyawawa uku na birnin Edo: Okita da Ohisa, waɗanda ke hidima a gidajen shayi, da Toyohina, mawaƙiya. Duk da cewa mata ne sanannu, in ba a ƙura ido ba da wuya a bambanta fuskokinsu, domin abin da ake nema shi ne siffar kyau irin ta yayin zamanin.

Da yawa daga cikin matan da aka zana karuwai ne na unguwar Yoshiwara, wadda hukuma ta ba izini a 1617. Galibinsu 'ya'yan talakawa ne da iyayensu suka miƙa tun suna ƙanana a kan yarjejeniyar bashi, kuma cuta ta kashe da dama tun da ƙuruciyarsu. Hotunan sun nuna kitso da tufafi masu tsada, suka yi shiru game da wannan ƙunci, saboda tamkar talla ce ga gidajen. Don haka wajibi ne ɗalibin tarihi ya yi hattara kafin ya kafa hujja da su a kan rayuwar matan.

Kwaikwayo da fenti

Bayan da Japan ta buɗe tasoshinta ga fataken Turai da Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, sai hotunan suka kwarara zuwa Faris. A watan Mayu na 1886 mujallar Paris Illustré ta buga hoton wata karuwa na Keisai Eisen a bangonta, amma a juye, dama ta koma hagu. A 1887 Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, ya kwafi wannan bango. Ya ja layuka na murabba'i don ya faɗaɗa siffar, ya zana ta da fentin mai masu kauri, ya kuma kewaye ta da gora da bado da kwaɗi da wasu tsuntsaye dangin gauraka. A Faransancin titi na lokacin, sunayen kwaɗon da tsuntsun duka laƙabi ne na karuwa. Aikin yana ajiye a gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam.

Ashe ke nan tsakanin matar da fentin Van Gogh akwai matakai huɗu: zanen Eisen da ya salwanta, allon masassaƙi, bugun Edo, da bangon mujalla. A kowane mataki an rage wani abu, an ƙara wani. Laushin takarda da shigar launi cikin zarenta, waɗanda su ne gwanintar mai bugu, ba su tsallaka zuwa fentin mai ba. A Japan kanta, cibiyar Adachi da aka kafa a Tokyo a 1928 ta bi wata hanya dabam, inda masassaƙanta ke sassaƙa sababbin alluna su sake buga tsofaffin hotunan da hannu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kalmar asali tana bukatar taka-tsantsan a wannan fage, tun da yake an ƙirƙiri hotunan ne domin a yawaita su. Abin da ya kamaci mai nazari shi ne ya tambayi kowane hoto wa ya zana, wa ya sassaƙa, wa ya buga, da wace shekara, kuma domin wa aka yi shi. Amsoshin waɗannan tambayoyi ne za su nuna masa iyakar shaidar da hoton zai iya bayarwa a kan matar da ke cikinsa.