Sauron Ambursa da Allurar Yau

A ranar 2 ga Disamba, 2024, aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, kuma da jihohi biyu kacal aka buɗe: Bayelsa da tamu Kebbi. Ba don farin jini aka zaɓe mu ba. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa a cikin ƙananan yaran da aka duba jininsu a Kebbi, kashi 49 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. A 2015 namu ya kai 64. Wanda ya san fadamun da ke bin Gulbin Zamfara ta Jega, da shinkafar da ake nomawa har Maiyama, da lambunan albasar Aliero, ba zai yi mamaki ba. Ruwan da ke ciyar da mu shi ke kiwon sauro.

Amma ba yau aka fara kawo sabon makamin yaƙi da sauro wannan ƙasa tamu a gwada ba. Shekara 70 cif kafin wannan allura, a 1954, shekarar da Haruna Rashid ya gaji Sarkin Gwandu Yahaya, gwamnatin Jihar Arewa tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da wani gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, a kewayen Birnin Kebbi, inda mutum kimanin 125,000 ke zaune. Manyan aikin su ne Leonard Bruce-Chwatt, shugaban sashen yaƙi da maleriya na ƙasa a lokacin, da H. M. Archibald. Tambayar da suke son amsawa guda ce: idan aka feshe bangon kowane ɗaki da maganin ƙwari, za a iya yanke yaɗuwar masassara a ƙasar savana irin tamu?

Dabarar tana da ma'ana. Macen sauro ce ke cizo, kuma in ta sha jini ta yi nauyi, takan sauka a bango ta huta. Ƙwayar cutar da ta kwaso tana buƙatar kwana goma ko fiye a cikinta kafin ta nuna ta iya shiga wani mutum. Don haka ba sai an ƙarar da sauron duniya ba. Ya isa a gajarta masa kwana, ya mutu a bango kafin abin da ya ɗauko ya isa yin ɓarna. Aka raba yankin kashi uku, wani aka fesa masa DDT, wani BHC, wani kuma dildirin, wanda ake ganin ya fi su ƙarfi.

Da farko abin ya yi kyau, sauro ya ɓace daga ɗakuna. Amma kafin ƙarshen 1955, wajen wata 18 da fara feshi, sai ga shi ya dawo a sashen dildirin, yana zaune a kan bangon da aka fesa kamar ba a yi ba. Masana ƙwari biyu, Elliott da Ramakrishna, suka gwada shi suka tabbatar maganin ya daina kashe shi. Daga Ambursa, inda filin jirgin saman jiharmu yake yanzu, aka ɗauki irin wannan sauro aka kai Landan. Can George Davidson ya haɗa shi barbara da sauron Legas da bai taɓa ganin maganin ba, ya bi 'ya'ya da jikoki, ya gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke ba shi wannan tauri, kuma ana gadonta kamar yadda ake gadon kama. Ma'ana, tun kafin masu feshi su iso akwai 'yan tsirarun sauro masu wannan hali a cikin dubbai. Feshin ya kashe musu 'yan uwa, ya bar musu fili, suka hayayyafa.

Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar babban sauron maleriya na Afirka ya gagari maganin feshi, kuma a ƙasar Gwandu aka gani. Abin ban takaici, a wannan shekarar ta 1955 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar kawar da maleriya daga doron ƙasa, dogaro da feshi. Sunan Ambursa ya shiga mujallun kimiyya na Turai, amma mu da muke wucewa ta garin ba kasafai muke jin labarin ba, ko a makarantar koyon aikin lafiya ta Jega ko a jami'ar Aliero ya kamata a ce da shi ake buɗe darasi.

Aka koma DDT, aka faɗaɗa aikin, masassara ta ragu, musamman a jarirai, amma ba ta yanke ba. Wanda ya san bazararmu ya san dalili ɗaya: wa zai kwana ɗaki a watan Afrilu? Ga makiyayi da bukkarsa ta 'yan kwanaki, ga manomi da ke kwana a fadama, ga sabon yaɓe da ke rufe maganin da aka fesa. A 1969 duniya ta janye daga batun kawarwa. Daga shekarar zuwa 1976 aka sake gwadawa a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, inda aka haɗa feshi da raba magani ga kowa da kowa a wasu ƙauyuka. Ƙwayar cutar ta yi ƙasa matuƙa a jinin mutane, da aka daina kuma ta koma inda take.

Daga nan hankali ya koma kan magani. Kulorokwin, mai ɗaci da sa ƙaiƙayi da duk muka sha, ya bi sawun dildirin, ita ma ƙwayar cutar ta koyi jure masa, har Najeriya ta sauke shi a 2005 ta ɗauki magungunan da ake haɗawa da atimisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar daga wani ganye ɗan gidan su tazargade. A 2010 aka wallafa wani gwaji na yara 5,425 masu masassara mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori, wanda ya nuna allurar atisunet ta fi kwinin ceton rai: kashi 8.5 suka rasu a kan kashi 10.9. Sai kuma maganin damina, ƙwayoyin nan da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara gwada shi a Katsina kafin ya iso mu.

Allurar da aka kawo mana, R21, a Jami'ar Oxford ta Ingila aka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta. Gwajinta na farko da ya ja hankali a Nanoro ta Burkina Faso aka yi, a yara 450, ƙarƙashin Halidou Tinto. Babban gwajin, na yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, an wallafa shi a farkon 2024. Yadda aka yi shi ya cancanci a sani, don shi ne bambancin bincike da tallan mai magani a kasuwa. Ƙuri'a ce ta raba yaran, wasu aka yi musu R21, wasu allurar rigakafin cizon mahaukacin kare, kuma uwa da likita duk ba su san wa ya sami wacce ba sai da aka gama ƙirga waɗanda suka kwanta. Sakamakon shekara guda: masassara ta ragu da kashi 75 cikin ɗari a inda cutar ke zuwa da damina, da kashi 68 a sauran wurare.

Wannan 75 ɗin shi aka fi yayatawa, kuma a nan ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. A Nanoro da Bougouni ta Mali, inda aka samo shi, an daidaita alluran ne su kammala gab da faɗuwar damina, lokacin da garkuwar ke kan ƙarfinta, kuma yaran wurin suna da gidan sauro da maganin damina. Tsarin da aka kawo mana kuwa na shekarun yaro ne: wata 5, wata 6, wata 7, sai ta huɗu a wata 15. Babu ko wuri ɗaya a Najeriya cikin wuraren babban gwajin. Don haka adadin da zai gaya mana gaskiyar amfanin allurar a Kebbi, a rajistar asibitocin Jega, Aliero da Maiyama zai fito, in an cika ta tsakani da Allah, in kuma an gwada jini kafin a rubuta wa kowane zazzaɓi maleriya. Akwai abin ƙarfafa gwiwa. Wani gwaji da aka wallafa a 2021, da yara kusan 6,000 a Mali da Burkina Faso, da allurar farko ta RTS,S, ya nuna cewa haɗa allura da maganin damina ya rage kwanciya asibiti da mutuwa daga maleriya da kusan kashi 70 a kan amfani da ɗayansu kaɗai. Abin da Ambursa da Garki suka nuna da wahala ke nan, makami ɗaya ba ya isa.

Sai batun yarda, wanda ya fi nauyi. A zamanin En'e, umarnin sarki ya isa a buɗe wa mai feshi ƙofa. Yau uwa ce za ta saɓa goyo ta je sau huɗu da ƙafarta, kuma Arewa ba ta manta gwajin Trovan na 1996 a Kano ba, inda aka sa yara 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyayensu. Binciken ƙasa na 2018 ya sami cewa yaran Kebbi da suka kammala alluransu na yau da kullum ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ba wai mutanenmu ba sa neman lafiya ba ne. Dubi yadda ake tasowa daga Nijar da Benin zuwa wurin masu ɗorin Aliero. Amma shi ɗori ana ganin aikinsa, wanda aka kawo a kwance ya koma da ƙafarsa. Rigakafi kuwa in ta yi aiki ba a ganin komai, in kuma yaro ya yi masassara bayan allura uku, wanda dole wasu su yi tunda ba ta kare ɗari bisa ɗari, duk unguwa za ta ji. A ganinmu gara ma'aikacin lafiya ya faɗi wannan tun ranar farko, da ya yi alkawarin da damina za ta ƙaryata.

Allura ta huɗu ita ce mai wuya, don garkuwar tana sanyi da tafiyar watanni, ita ce ke sake tayar da ita. Tsakaninta da ta uku akwai wata takwas, lokacin da katin asibiti ke ɓata, uwa ta yi sabon ciki, ko iyali su tare a gona. Jaririn da aka haifa a Jega cikin Yulin 2024, aka yi masa ta farko a Disamba yana ɗan wata biyar, ranar tasa ta huɗu ta faɗo ne a Oktoban 2025, ana tsakiyar girbi, masassarar kaka kuma ta cika gadajen asibiti.