Tarko Ɗari a Bakin Gona

Da la'asar sakaliya muke ɗana tarko, taku goma tsakani, kowanne da ɗan dunƙulen gyaɗa da busasshen kifi. Kafin rana ta ɗaga kuma dole a zaga, don akwatin alminiyam in rana ta buge shi ya zama tanda. Sau ɗaya na taɓa makara a sansani. Malaminmu bai ce mini uffan ba, ya dai miƙo mini gawar ɓeraye uku ya ce in auna.

Malaman malamanmu ba su san wannan damuwar ba. Tarkon kisa suke ɗanawa, su feɗe, su cusa auduga a fatar, su ɗaura 'yar takarda a ƙafa, sai gidan adana kayan tarihi. Kama ɓera da ransa ya kankama ne da akwatin da H. B. Sherman ya ƙera a Amurka a shekarun 1920, sai tarkon Longworth da su Dennis Chitty suka fitar a Oxford a 1949. Daga nan ake maƙala wa dabba lamba a kunne, a sake ta, a ga ko gobe za ta dawo. Wasu kam kullum suna ciki, sun gano gidan tuwon kyauta, su dagula maka lissafi.

Cuta ce ta raba mu da kamun hannu. An gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, amma sai a ɓarkewar Saliyo ta 1972 tarko ya tona asirin mai ɗauke da shi: Mastomys natalensis, ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke shiga rumbu. A 1993 kuma ƙwayar cutar hantavirus, wadda ɓeraye ke yaɗawa, ta kashe mutane a kudu maso yammacin Amurka, kuma ƙidayar ɓeraye da wasu suka daɗe suna yi a Sevilleta da ke yankin, aikin da ba ya ɗaukar ido, ita ta nuna yadda suka yi yawa bayan ruwan sama mai yawa.

Yanzu safar hannu biyu muke zurawa, ga takunkumi, ga riga har ƙasa, gumi na tsiyaya cikin takalmi. Yaran ƙauye su kewaye mu suna dariya. Rannan wani ya tambaye ni, in mun gama aunawa, ko za mu bar masa manyan.