Fina-finan Faransa: Tarihi, ta'addanci da 'yancin faɗin albarkacin baki

Faransa ƙasa ce da ke alfahari da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma har yau ba a nuna fim a gidajen silimar ƙasar sai da lasisin ministan al'adu.

Ministan kan yanke shawara ne bayan jin ra'ayin wani kwamitin tace fina-finai da ke ƙarƙashin hukumar CNC, wadda aka kafa a 1946. Yana iya barin kowa ya kalla, ko ya hana 'yan ƙasa da shekaru 12, 16 ko 18.

Wannan iko ne tushen taƙaddamar da aka daɗe ana yi tsakanin hukuma da masu shirya fina-finai, tun daga zamanin mulkin mallaka har zuwa hare-haren da aka kai birnin Paris a 2015.

Zamanin mulkin mallaka

A 1934 gwamnatin Faransa ta kafa wata doka da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da take mulka sai da iznin hukuma.

René Vautier ya karya wannan doka da fim ɗinsa Afrique 50, inda ya nuna zaluncin da ake yi wa ƙauyawa a Afirka ta Yamma. An ɗaure shi, fim ɗin kuma ya shafe sama da shekaru 40 a haramce.

Yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, shi ne ya fi tsone wa hukuma ido. Sai a 1999 ne majalisar dokokin Faransa ta amince a kira shi yaƙi a hukumance.

Fim ɗin Jean-Luc Godard mai suna Le Petit Soldat, wanda aka shirya a 1960, bai fito ba sai a 1963, saboda ya taɓo batun azabtar da mutane da ɓangarorin biyu ke yi.

Shi kuwa La Bataille d'Alger, wato Yaƙin Birnin Aljiyas, wani ɗan Italiya ne, Gillo Pontecorvo, ya shirya shi tare da haɗin gwiwar Aljeriya. Ya nuna yadda mayaƙan FLN ke dasa bama-bamai a wuraren taruwar fararen hula, da kuma yadda sojojin Faransa ke gana wa fursunoni azaba.

Fim ɗin ya lashe babbar lambar yabo a bikin Venice na 1966, amma mutanen Faransa ba su samu kallonsa ba sai a 1971, a lokacin ma gidajen silima sun sha barazana daga masu adawa da shi.

A 1973 Vautier ya yi yajin cin abinci na kwanaki 31, yana neman a daina hana fim lasisi saboda dalilan siyasa. Fim ɗin da ya yi yajin dominsa, Octobre à Paris, ya yi magana ne kan kisan da 'yan sanda suka yi wa 'yan Aljeriya masu zanga-zanga a Paris ranar 17 ga Oktoban 1961.

Waiwayen baya

Daga baya fina-finan tarihi sun zama hanyar matsa wa gwamnati lamba.

A 2006 Rachid Bouchareb, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, ya fito da Indigènes, kan sojojin Arewacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin fitowarsa ne gwamnatin Shugaba Jacques Chirac ta ba da sanarwar ƙara wa tsoffin sojojin ƙasashen da ta mulka fanshonsu na yaƙi, wanda aka tsayar wuri guda tun 1959.

Amma da ya kai wani fim ɗinsa, Hors-la-loi, bikin Cannes a 2010, sai da aka yi zanga-zanga a garin, saboda yadda ya nuna kisan gillar Sétif na 8 ga Mayun 1945.

Bayan hare-haren 2015

Ranar 7 ga Janairun 2015 'yan bindiga suka kashe mutane 12 a harin da suka kai wa mujallar Charlie Hebdo, wadda ta sha buga zane-zanen da Musulmi ke ɗauka ɓatanci ne ga Annabi Muhammadu (SAW). Fitowar mujallar ta mako na gaba ta haddasa tarzoma a Damagaram da Yamai, inda mutane 10 suka mutu.

A wannan yanayi ne magajin garin Villiers-sur-Marne, kusa da Paris, ya ɗage nuna Timbuktu, fim ɗin Abderrahmane Sissako ɗan Mauritaniya, bisa fargabar kada matasa su yi koyi da masu iƙirarin jihadi.

Matakin ya sha suka, domin fim ɗin ya nuna ne yadda Musulmin arewacin Mali, har da limamin gari, suka bijire wa mayaƙan da suka mamaye su a 2012. A watan Fabrairun 2015 ya lashe lambobin César guda bakwai.

Made in France na Nicolas Boukhrief, kan wani gungun matasa da ke kitsa hari a Paris, an shirya fitar da shi ne ranar 18 ga Nuwamban 2015. Kwanaki biyar kafin nan aka kai hare-haren da suka hallaka mutane 130. An cire hotunan tallarsa, masu ɗauke da bindiga a siffar hasumiyar Eiffel, daga ƙarshe aka sake shi ta intanet a Janairun 2016. Babu hukumar da ta haramta shi, gidajen silima ne suka ja da baya.

Shari'ar Salafistes

Taƙaddama mafi zafi ita ce ta Salafistes, na François Margolin da ɗan jaridar Mauritaniya Lemine Ould Salem, wanda ya fito a Janairun 2016.

Fim ɗin ya bar jagororin masu tsattsauran ra'ayi na Mali da Mauritaniya da Tunisiya suna bayani da bakinsu, ba tare da sharhin mai gabatarwa ba, haɗe da hotunan farfagandar ƙungiyar IS.

Ministar al'adu Fleur Pellerin ta hana 'yan ƙasa da shekaru 18 kallonsa. Masu goyon bayanta sun ce an bai wa 'yan ta'adda dandali, musamman ganin cewa tun Nuwamban 2014 yabon ta'addanci laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku na shekaru biyar, ko bakwai idan ta intanet ne.

Masu fim ɗin sun ce ba a maganin abin da ba a san shi ba, kuma matasan da aka hana su ne aka fi yaudara. A 2019 kotun ƙoli mai duba ayyukan gwamnati ta ba su gaskiya.

Inda aka kwana

A 2022 fina-finai biyu suka koma kan hare-haren Paris. Novembre na Cédric Jimenez ya bi diddigin kwanaki biyar na farautar maharan, kuma mutane sama da miliyan biyu ne suka kalle shi. Revoir Paris na Alice Winocour, wadda ɗan'uwanta ya tsira daga harin Bataclan, ya mai da hankali kan waɗanda suka rayu.

Shi ma Novembre bai tsira daga ƙorafi ba. Matar da ta tona wa 'yan sanda maɓoyar jagoran maharan ta ce ba ta sanya hijabi, alhali an nuna ta da shi, abin da ya sa aka ƙara wani bayani a fim ɗin.

A yanzu dai da wuya gwamnati ta haramta fim ɗungurungum kamar yadda ta yi wa Afrique 50. Muhawarar ta koma gaban alƙalai, da ofisoshin magadan gari, da masu gidajen silima, tare da tambayar yadda ake siffanta Musulmin Faransa a duk lokacin da aka ɗauko labarin ta'addanci.