Ziyarar Tsoffin Ramukan Zinariya A Tsaunukan Ijesha

Galibinmu idan an tambaye mu abin da ya kawo kakanninmu ƙasar Yarbawa, amsa biyu muke bayarwa, wato fataucin goro da na shanu. Gaskiya ne, amma akwai hanya ta uku wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce haƙar zinariya. Wannan ne ya sa bayan Sallah ƙarama na nemi wani dattijo a Sabo ta Ilesha, wanda mahaifinsa ya yi wannan aiki, ya raka ni tsaunukan yankin Iperindo a Jihar Osun, domin na ga wurin da idona. Gani ya kori ji.

Daga inda mota ta ajiye mu sai da muka yi tafiyar ƙafa mai nisa, muna ratsa gonakin koko da na goro, hawa kawai ba gangara. Can a kwiɓin tsauni dattijon ya tsaya, ya nuna mani wasu ramuka da ciyawa ta rufe bakinsu, wasu kuma sun cika da koren ruwa. Ya ce, "Ɗana, taka a hankali, ba kowace ciyawa ce ke da ƙasa a ƙarƙashinta ba." Babu allo, babu rubutu, babu wata alama da za ta gaya wa baƙo cewa mutane sun zubar da gumi a nan.

To, yaya aka yi Bahaushe ya zo wannan tsauni? Masana ilmin ƙasa sun nuna cewa irin duwatsun da ke ɗauke da zinariya a Nijeriya sun miƙe ne ta yammacin ƙasar, tun daga Anka da Maru a Zamfara, su biyo ta Birnin Gwari da Minna, su gangaro Isanlu, har su iso Ilesha. Zinariyar tana cikin jijiyoyin farin dutse ne. Ruwan sama yana zaizayar dutsen shekara da shekaru, ya kwaso ta zuwa cikin rafuka. Da yake nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, alhali yashi bai kai ninki uku ba, idan aka ɗebi yashin rafi a kasko aka yi ta juyawa da ruwa, sai yashin ya tafi, ita ta kwanta a gindi. Wannan shi ne sirrin sana'ar, sauran kuma haƙuri ne da ƙarfin ƙugu.

An fara rubuta lissafin zinariyar da ake haƙowa a Nijeriya a 1913, amma aikin bai bunƙasa ba sai bayan 1931, lokacin da Ingila ta daina jingina darajar fam ga zinariya, farashinta ya tashi. A 1934 kuma Amurka ta ɗaga shi zuwa dala 35 kowace oza, oza ɗaya kuwa giram 31 ce da 'yan kai. Nan da nan Turawa da sauran masu jari suka bazu a Lardunan Neja da Sakkwato da Zariya suna neman izinin haƙa. Su wa suka riƙe diga da shebur da kasko? Talakawan Arewa ne, waɗanda kuɗin haraji da faɗuwar farashin gyaɗa suka fito da su daga gida. A can suka koyi aikin. Saboda haka da aka buɗe filin zinariya na Ife da Ilesha a farkon shekarun 1940, a wurare irin su Itagunmodi da Iperindo, gwanayen da aka samu a shirye su ne mutanenmu. Wato dai dutsen suka biyo daga Arewa har ya kawo su Kurmi.

Yawancin aikin na jinga ne. Doka ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ita ce ke ba mai jari izini. Shi kuma ba albashi yake biya ba, sai dai mai haƙa ya kawo abin da ya samu a auna, a saya a farashin da mai izini ya yanke. Ranar da ba ka samu ba, babu ko anini. Idan ka kai wa maƙerin zinariya a ɓoye don ya fi biya, ka zama ɓarawo a idon hukuma. Dattijon ya ce mahaifinsa ya sha faɗa masu cewa ƙwayar zinariya ba ta taɓa kwana biyu a hannunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kakar ba ta daɗe ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun fi bukatar kuza, har suka yi aikin tilas a Jos daga 1942 zuwa 1944. Bayan yaƙi kuma farashin zinariya ya tsaya cik a dala 35, kuɗin aiki yana ta hawa, zinariyar saman rafi mai sauƙin samu tana ƙarewa. Masu jari suka tattara nasu ya nasu. Cikin leburori wasu suka koma gida, wasu suka rasu a nan, wasu kuma irin mahaifin abokin tafiyata suka sauko gari suka kama cinikin goro, suka yi aure, suka hayayyafa. Su ne iyayen wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla.

Da muka gangaro rafi, sai ga sababbin ramuka, ga samari tsundum cikin jan ruwa suna juya kasko, suna hira da Hausar Zamfara da ta Katsina. Zinariya ta sake tsada, tarihi ya dawo. Ban da su, akwai babban kamfanin haƙa na Segilola kusa da Iperindo, wanda ya fara fitar da zinariya a 2021. Amma yaran nan ba a can suke ba, jinga suke yi wa masu kuɗi kamar yadda kakanni suka yi, ba su ma san an taɓa yi ba.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, jama'a. Idan rami ya rufta da yaro, gawarsa Sabo za a kawo, sau da yawa ba a san garinsu ba. Idan aka tone gonar kokon Bayarabe ko aka gurɓata masa ruwan sha, ba zai nemi mai kuɗin da ya turo su ba, cewa zai yi Hausawa ne, zaman lafiyar da iyayenmu suka gina shekara tamanin ya shiga haɗari. Kada kuma mu manta da 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiya da Sarakunan Hausawa su yi abu biyu. Na farko, a rubuta sunan kowane yaro da ya zo haƙa, da garinsu, da wanda ya ɗauke shi aiki, a kuma ja masa kunne game da gonakin mutane. Na biyu, a zauna da sauran dattawan da suka ji labarin nan daga bakin iyayensu, a rubuta tun suna raye. Waɗanda suka haƙa ramukan farko sun tafi ba a san sunayensu ba, bai kamata a maimaita ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.