Ƙunshin Amarya da Alƙalamin Marubuci

Masu nazarin fasaha sukan fara tarihin zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai daga Turai: Kandinsky da littafinsa na 1911 kan ruhi a cikin fasaha, sai Malevich da baƙin murabba'insa na 1915. Ba na musun abin da suka yi a ƙasashensu. Abin da nake ja a kai shi ne tunanin cewa sai Bahaushe ya je can kafin ya san yadda layi da launi kaɗai ke ɗaukar abin da ke cikin zuciya. Matan Safo, a yankin Madarunfa cikin jihar Maraɗi, suna yin wannan aiki duk kaka, lokacin da gero ya shiga rumbu bukukuwan aure suka yawaita, kuma a kan fatar mutum suke yin sa.

A dubi ƙunshin amarya da kyau. An busar da ganyen lalle, an daka, an tankaɗe, an kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami. Mai ƙunshi takan yanka salatif siri-siri ta manna a tafin hannu da gefen ƙafa, ta shafe sauran wurin da lalle, a ɗaure da leda. Idan aka kwance aka ɓare salatif, sai ga fararen layuka sun ratsa ja, wasu a karkace, wasu sun haɗu sun rabu. Babu fuskar ango a ciki, babu hoton gidan da za a kai ta. Duk da haka, wanda ya ga hannun ya san halin da mai shi take ciki, tsakanin murna da kukan rabuwa da ɗakin uwa.

Muhimmin abu a nan shi ne gushewarsa. Lalle yakan kama saman fata ne kawai, fatar kuwa tana sabuntawa, don haka cikin mako biyu zuwa uku wanke-wanke da daka sun cinye zanen. Ja ya koma ruwan goro, ruwan goro ya koɗe. A farce ne yake daɗewa, domin ba ya fita sai farcen ya tsiro an yanke shi. Wata biyu bayan biki za ka ga rabin farce ja, rabi fari, kuma duk macen da ta gani tana iya kintatar tsawon zaman da aka yi. A ganina wannan koɗewa tana cikin ma'anar aikin tun asali. Amarci ba ya dawwama, an kuma zaɓa masa zanen da yake tafiya tare da shi. Da za a yi ƙunshin da ba ya fita, da ya faɗi ƙarya game da ranar.

Wani zai ce wannan ado ne kawai, kuma ƙyamar zana mai rai da addini ya koyar ce ta tura mutanenmu ga layuka da kusurwoyi. Akwai gaskiya a batun addinin. Sai dai hani yana bayyana abin da aka bari ne, ba ya bayyana ƙwarewar da aka kai a abin da aka riƙe. Dagi da aska takwas a gaban babbar riga, da zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, ayyuka ne na mutanen da suka san nauyin layi da amfanin filin da aka bari babu komai. Shi ma zanen bango na laka damina tana cin sa, sai an sake yaɓe. Mutanen Maraɗi sun san haka fiye da kowa, tun da ambaliyar gulbi ta 1945 ta rushe tsohon garin da ke kwari, aka koma tudu.

A ɓangaren rubutu ne nake ganin muna da saura. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya tashi ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar. Littattafai ne masu daraja, amma ƙarfinsu yana ga aukuwa: an tafi, an gamu, an yi dabara, an dawo. Littattafan soyayya na Kano, waɗanda ake karantawa har a Maraɗi, sun shigo da zuciya cikin labari, sai dai da yawansu suna hanzarin kaiwa ga darasi. Marubuci zai kawo mu daren kai amarya, kafin mu tsaya mu ji nauyin shirun da ya biyo bayan tafiyar ƙawaye, ya riga ya fara yi mana wa'azin haƙuri. Waƙa ta fi kusa da abin da nake nufi. Marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, tana da tasiri ne domin an bar zafin rashin ya fito a matsayinsa kafin a kai ga tawakkali.

Mai ƙunshi ba ta yi wa kowa bayanin zanenta. Takan zaɓi inda za ta cika da inda za ta bari, ta amince mai kallo zai gane. Marubuci yana iya yin haka da jimla: ya nuna rabin farcen nan ja a kan taɓarya, ya ƙyale mai karatu ya lissafa watannin da kansa. Hoton waya, wanda yanzu ake ɗauka a kowane biki a tura ta WhatsApp, yana kama rana ɗaya ce tak, ranar da launi ya fi kyau. Makonnin koɗewa, waɗanda su ne ainihin labarin, alƙalami ne kaɗai ke iya bin su.

Ina kira ga ɗaliban harshe da al'ada na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da takwarorinsu na Katsina da Kano, su zauna da masu ƙunshi na Safo da kewayenta, musamman tsofaffin da suka yi aiki kafin zuwan baƙin lalle na kanti. A tambaye su sunayen zane-zanensu, da wanda ake yi wa budurwa da wanda ake yi wa mai jego, a rubuta da Hausa tun suna raye.